Muncie: Garin da Aka Mayar Ma'aunin Ra'ayin Amurkawa

Muncie gari ne na masana'antu da ke jihar Indiyana a tsakiyar Amurka, wanda ya yi suna tun daga shekarun 1920 a matsayin garin da ake auna halin Amurkawa da ra'ayinsu da shi, wato wurin da ake ɗauka cewa abin da mutanensa suka yarda da shi, galibin 'yan ƙasa ma sun yarda da shi. Asalin wannan suna bincike ne da Robert Lynd da matarsa Helen Lynd suka gudanar a garin daga 1924 zuwa 1925, inda suka zauna cikin jama'a suna nazarin yadda suke neman abinci, da zaman iyali, da tarbiyyar yara, da hutu, da addini, da harkokin al'umma, suna kwatanta su da yadda suke a 1890. Littafin da suka fitar a 1929 ya ɓoye sunan garin ya kira shi Middletown, ma'ana garin tsaka-tsaki, kuma wannan laƙabi shi ya jawo 'yan jarida da 'yan kasuwa masu son gwada sababbin kaya kafin su baza su a ƙasa, kamar yadda aka daɗe ana yi da garin Peoria na jihar Ilinoyi.

Sai dai tsaka-tsakin nan zaɓaɓɓe ne, domin masu binciken sun nemi garin da baƙin haure ba su da yawa a cikinsa, sa'annan suka ajiye baƙaƙen fatar garin gefe, alhali kasonsu a Muncie ya fi kasonsu a birnin New York a lokacin. Hoton da aka ɗauka na ƙasa baki ɗaya, ashe na fararen fata mabiya ɗarikar Furotesta ne kawai, kuma a 2004 aka fitar da wani littafi na musamman kan tarihin baƙaƙen fatar garin, wanda Luke Eric Lassiter da ɗalibansa da mutanen unguwannin baƙaƙen fatar suka haɗa.

Tun a 1936 wannan hanya ta auna ra'ayin ƙasa da gari ɗaya ta fara rasa kasuwa, lokacin da George Gallup ya yi hasashen nasarar Shugaba Roosevelt ta hanyar tambayar mutane kaɗan da aka tsamo daga sassan ƙasa gwargwadon yadda al'umma take, dabarar da ta zama tushen ƙuri'ar jin ra'ayi ta zamani. Duk da haka masana sun ci gaba da komawa Muncie: Robert Lynd ya koma a 1935, Theodore Caplow da abokan aikinsa suka biyo baya a ƙarshen shekarun 1970, sannan aka kafa cibiyar nazarin Middletown a 1980, wadda take a Jami'ar Ball State da ke garin.