Daga Lamunin Fatoma Zuwa Rajistar CAC

A ƙarni na 19, falken da ya tashi daga Kano da ayarin jakuna zuwa Salaga, a ƙasar Gonja, ba ya riƙe da lasisi ko takardar rajista. Kanwa da baƙin rini da fatu yake kaiwa, ya komo da goro. Mutane ne ke tsare masa dukiya. A hanya akwai madugu, mai daidaitawa da sarakuna a kan kuɗin wucewa. A zango kuma akwai fatoma, wanda zai sauke shi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya wa mai saye idan bashi za a bayar. In rigima ta fi ƙarfinsu, sai gaban alƙali.

Tsarin ya yi ƙarko. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo da ke Ibadan, ya nuna a littafinsa na 1969 yadda ake ba mahautan Yarabawa shanun Arewa bashi ba tare da an sa hannu a komai ba. Maigida, wato fatoman masu shanun, shi ke lamuni, domin ya san wane mahauci ke biya, wane ke taurin bashi. In kuɗi suka maƙale, shi zai biya, in ba haka ba baƙinsa su koma gidan wani.

Dokar kamfanoni ta Turawa ta shigo a 1912, daidai lokacin da jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗa daga Kano. An kwafo ta ne daga dokar Ingila ta 1908, kuma da farko Legas kaɗai ta shafa, sai a 1917 ta game ƙasa. Ta zo da abin da fatake ba su saba da shi ba: kamfani mutum ne a idon shari'a, yana iya cin bashi, a kai shi ƙara, amma ba a taɓa gidan mai shi. Manyan attajiran Kano ba su yi rububinta ba. Alhassan Ɗantata, wanda ya fito daga cikin Agalawa masu fataucin goro, da yaransa da amana ya gina harkar gyaɗarsa, kuma har gobe ana ba da labarin raƙuma 20 na kuɗin azurfa da ya kai ajiya sa'ad da Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano a 1929.

An sake dokar a 1922, aka kuma sake ta a 1968. Amma dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 su ne suka tura 'yan kasuwa da yawa ofishin lauya, don hannun jari ba ya sayuwa da musafaha. A nan ne kuma wata dabara ta yi kasuwa: ɗan ƙasa ya ara wa baƙo sunansa, takarda ta ce shi ne mai kamfani, alhali riba na tafiya wani wuri.

A 1990, zamanin Janar Babangida, aka yi dokar kamfanoni ta CAMA wadda ta kafa hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Ƙarƙashinta sai mutum biyu ake buɗe kamfani, shi ya sa aka yi ta cusa sunan mata ko ƙane a matsayin darakta, wani ma bai taɓa sanin yana da muƙamin ba. Kuma dole sai lauya ya rantse cewa an cika sharuɗɗa.

Shekara 30 aka yi a haka, har Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar CAMA a watan Agustan 2020. Yanzu mutum ɗaya na iya buɗe kamfaninsa, ƙaramin kamfani ba a tilasta masa ɗaukar sakatare ba, hatimi ya zama ganin dama, kuma mai neman rajista na iya sa hannu a takardar cika sharuɗɗa da kansa. Sai dai dokar ta sassauta ta nan ta ɗaure ta can: duk mai riƙe da kashi 5 cikin 100 na hannun jari ko na ƙuri'a, sai an bayyana sunansa. Tambayar da fatoma ke amsawa da ka, wato wane ne mai kayan, ita ce gwamnati ke nema a rubuce.

Nauyin ya fi faɗa wa lauyoyi. Dokar hana halatta kuɗin haram ta so su yi rajista da sashen SCUML su riƙa kai rahoton kuɗin waɗanda suke wa aiki. Ƙungiyarsu ta NBA ta garzaya kotu, ta ce sirrin mai ƙara amana ce, ta yi nasara a Babbar Kotun Tarayya a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2017. Majalisa ba ta haƙura ba, sabuwar dokar ta 2022 ta sake sanya su cikin masu wannan wajibi. Dokar kuma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Wanda ya san yadda ake cinikin shadda a Kantin Kwari ko hatsi a Dawanau ya san wannan adadi ba ya kai azahar.

Matsin daga waje yake zuwa. Hukumar FATF, mai yaƙi da halatta kuɗin haram a duniya, ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ake sa wa ido a Fabrairun 2023, ba ta cire ta ba sai Oktoban 2025. A tsakanin nan takarda ta sauko har bakin titi: a 2024 CAC ta umarci masu POS su yi rajista kafin 7 ga Yuli, daga baya ta ɗaga wa'adin zuwa 5 ga Satumba. Saurayin da jarinsa bai wuce laima da benci da na'ura ɗaya ba, shi ma sai da ya nemi sunan kasuwanci da babu mai irinsa a kundin hukumar.