Waƙar Aljeriya da ta Farfaɗo da Kiɗan Salsa

A farkon shekarun 2010 salsa ta fara zama kiɗan iyaye. Matasan Latin Amurka sun koma reggaeton da bachata, gidajen rediyon Sifaniyanci na New York da Miami kuwa Romeo Santos da Prince Royce suke sakawa safe da yamma. Kiɗan da 'yan Kuba da 'yan Puerto Rico suka yi rainonsa a unguwannin New York, wanda kamfanin Fania ya yaɗa bayan kafuwarsa a 1964, tauraronsa ya dusashe.

Ana cikin haka Marc Anthony ya fitar da kundinsa mai suna 3.0, ranar 23 ga Yulin 2013.

Ba baƙo ba ne a fagen. An haife shi a New York a 1968, iyayensa 'yan Puerto Rico, ya tashi a unguwar Harlem ta Gabas. Da Turanci ya fara waƙa, sai a 1993 ya juya ga salsa da kundin Otra Nota, tare da makaɗi Sergio George. Contra la Corriente na 1997 ya kawo masa kyautar Grammy. Daga nan hankalinsa ya rabu: waƙoƙin Turanci, fim, auren Jennifer Lopez. Tun bayan Valió la Pena na 2004, salsar da ya rera a faifai ita ce ta fim ɗin El Cantante, waƙoƙin marigayi Héctor Lavoe. Masoyansa sun yi kusan shekara 10 suna jiran nasa na kansa.

Da ya tashi dawowa, ya sake neman Sergio George, amma waƙar da ta buɗe musu ƙofa daga Afirka ta Arewa ta fito. Khaled, sarkin kiɗan rai ɗan birnin Oran na Aljeriya, mai waƙoƙin Didi da Aïcha, ya saki C'est la vie a 2012, RedOne ɗan Maroko ya haɗa masa kiɗan. Ita Marc Anthony ya ɗauka, aka sa mata baitocin Sifaniyanci, aka cire bugun na'ura aka zuba ƙaho da fiyano da gangunan konga, ta zama Vivir Mi Vida. Haɗin bai yi bambarakwai ba, domin gangunan salsa ma asalinsu Afirka ne, bayi suka tsallaka teku da su zuwa Kuba.

Waƙar ta fita a Afrilun 2013, ta yi kusan wata 4 tana ta ɗaya a jerin waƙoƙin Latin na mujallar Billboard. A Harlem ta Gabas aka ɗauki bidiyonta. Mako guda kafin fitar kundin, ya rera God Bless America a wasan ƙwallon baseball a New York, wasu suka yi masa ca a Twitter wai me ya kai baƙo rera waƙar kishin Amurka. Ya tuna musu cewa a garin aka yanke masa cibiya. Kundin ya shiga na 5 a jerin Billboard 200, inda ake gogayya da mawaƙan Turanci. A Nuwamba, Vivir Mi Vida ta ci kyautar faifan shekara ta Latin Grammy, a 2014 kuma ya kwashi kyaututtuka 10 a bikin Billboard na kiɗan Latin.

Masu ra'ayin salsa ta gargajiya suna da abin cewa: amshin waƙar na filin wasa ne, wanda dubban mutane za su rera tare, babu zafin kiɗan zamanin Fania a ciki. Ba su yi ƙarya ba. Illar da ta fi wannan a ganina ita ce yadda waƙa ɗaya ta haɗiye sauran. Flor Pálida, wadda ya aro daga Polo Montañez, mawaƙin ƙauyen Kuba da ya rasu a 2002, ta fi nuna abin da muryarsa za ta iya: ya fara a hankali, ya ja numfashi, sannan ya shiga kira da amshi da 'yan amshinsa. Wanda yake son sanin dalilin da ya sa ake girmama Marc Anthony a matsayin mawaƙin salsa, da ita ya kamata ya fara.