Yadda Aka Koya wa Inji Tauna Dutse

Har tsakiyar ƙarni na 19, guduma da ƙarfin damtse ne ke mayar da dutse tsakuwa. A 1858 Eli Whitney Blake, mutumin New Haven a Amurka, ya sami lasisin mallakar wani inji mai muƙamuƙi biyu, ɗaya a kafe, ɗaya yana buɗewa yana rufewa. Shimfiɗa hanya ce ta sa shi ƙirƙirarsa. Amma muƙamuƙi yana da aibi: idan ya ja baya, ba ya fasa komai, rabin motsinsa asara ne. A 1881 Philetus Gates ya zo da wata dabara, wato doguwar sandar ƙarfe mai kai kamar jinkar ɗaki, tana lilo a cikin kwano, ta yadda kowane lokaci akwai gefen da ke matse dutse.

Waɗannan injuna biyu sun iya fashin farko. Matsalar ta koma mataki na gaba. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin tagulla a yammacin Amurka, irin na Bingham Canyon a Utah, suka fara haƙar dutsen da tagullar cikinsa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba. Riba a nan sai an niƙe tsauni guda ya zama gari, kuma injunan niƙa suna shan wuta fiye da kima idan aka zuba musu manyan gutsattsari. Duk wanda ya iya ƙanƙanta dutse da araha kafin niƙa, shi ya riƙe makullin kasuwar.

’Yan gidan Symons ne suka cike giɓin a shekarun 1920, kamfanin Nordberg na Milwaukee kuma ya karɓi ƙirar ya yaɗa ta duniya. Sun ɗauki dabarar Gates, suka baje kan ya yi faɗi, suka kifa masa kwano daga sama, suka ƙara masa sauri. Ƙasan sandar yana zaune ne cikin wani zobe da aka huda a karkace. Idan giya ta juya zoben, sai kan ya riƙa layi kamar katantanwar yara da ta kusa faɗuwa. Mutane da dama suna zaton kan yana juyawa ne yana gurzar dutse. Layin nan shi ne aikin. Dutse ya shigo ta sama, a matse shi ya fashe, ya zame ƙasa inda rata ta fi ƙunci, a sake matse shi, har ya fita. Mafi ƙuncin ratar shi ke yanke girman tsakuwa, ana kuma daidaita shi ta hanyar murɗa kwanon sama ko ƙasa.

Abin da ya fi burge ni a ƙirar shi ne tanadin da aka yi wa haɗari. Haƙoran katafila kan ɓalle su bi dutse, ƙarfe kuwa ba ya fashewa. Sai aka ɗaure kwanon da jerin sifirin masu ƙarfi: idan abin da ya fi ƙarfin inji ya shiga, kwanon ya ɗaga, ya wuce, ya koma mazauninsa. Injunan yau matsin mai ke yi musu wannan aiki.

Duk da haka, da babu ƙarfen da Robert Hadfield ya haɗa a Sheffield a 1882, da injin ya cinye kansa cikin kwanaki. Ƙarfe ne mai manganis kusan kashi 12 cikin 100, wanda fatarsa ke ƙara tauri gwargwadon dukan da take sha, cikinsa kuma bai yi gautsi ba. Da shi ake lulluɓe kai da kwano har yau, a mahaƙar tagulla ta Chile da kuma wuraren fasa dutse na Mpape da ke ciyar da gine-ginen Abuja.