Kada, Jimina da Tozon Raƙumi: Matsayin Dabbobi Masu Rai Wajen Zana Surar Dainoso na Gadufawa

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda masu zane da masu sassaƙa ke dogara da dabbobin da ke raye domin mayar wa ƙasusuwan dainoso tsoka da fata. An ɗauki misalai uku daga Gadufawa a Jamhuriyar Nijar, wato Sarcosuchus da Nigersaurus da Ouranosaurus. An bambanta hujjar dangantaka, wadda kada da tsuntsu ke bayarwa, da hujjar kamanni, wadda ake arowa daga saniya ko raƙumi. Nazarin ya gano cewa hujjar farko tana iya tabbatar da wurin tsoka da girmanta, ta biyun kuwa iyakarta ta nuna abin da zai yiwu, kuma yawancin kurakuran zane sun samo asali ne daga cakuɗa su.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1825 wani likita ɗan Ingila, Gideon Mantell, ya bayyana wasu haƙora da aka tono a yankin Sussex. Ya ga sun yi kama da na ƙadangaren iguwana, sai ya raɗa wa mai su suna Iguanodon, ya kuma ɗauka cewa ƙaton ƙadangare ne kawai. Daga baya aka sami wani ƙashi mai tsini, aka ɗora masa a kan hanci kamar ƙaho. Da wannan ƙaho Benjamin Waterhouse Hawkins ya gina gumakan da aka buɗe a Crystal Palace ta Landan a 1854. Sai a 1878, da masu haƙar kwal a Bernissart ta Beljiyam suka ci karo da cikakkun kwarangwal, aka gane ashe babban yatsan hannu ne.

Mantell bai yi laifi ba da ya nemi taimakon dabba mai rai, domin ƙashin da ya zama dutse ba ya zuwa da nama, kuma babu wata hanyar sanin naman sai ta duba masu nama. Inda ya zame shi ne wajen zaɓen dabbar da kuma iyakar da zai bi ta. Wannan matsala ce maƙalar ta bi a kan halittun Gadufawa, wani yanki na hamadar Tenere kudu maso gabashin Agadas, inda duwatsun suka haura shekara miliyan 100. Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aiki a can tun 1965, sannan ayarin Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya biyo baya a shekarun 1990.

2.0 Hanyar Nazari da Ra'in Bincike

Nazarin na ɗakin karatu ne. An tattara bayanan da masana suka wallafa a kan halittun uku, aka auna kowace dabba mai rai da suka kafa hujja da ita a kan ra'in da Lawrence Witmer ya tsara a 1995.

Ra'in yana cewa a sa dabbar da ta shuɗe a tsakanin danginta biyu mafi kusa da suka rage. Ga dainoso, dangin su ne kada da tsuntsu. Tsuntsu ma jikan dainoso ne kai tsaye, kada kuwa ɗan uwa ne ta wajen kakanni. Idan wata tsoka tana jikin kada, tana jikin jimina, kuma tabon maƙalarta yana kan ƙashin dainoso, wannan mataki na ɗaya ne, mai zane ya zana ta gabansa gaɗi. Idan ɗaya kaɗai ke da ita, mataki na biyu ke nan. Idan babu mai ita a cikinsu, an shiga mataki na uku, inda sai da wata hujja mai ƙarfi daga ƙashin kansa.

Misalin mataki na ɗaya shi ne tsokar da ke tasowa daga gindin wutsiya ta kama ƙashin cinya, wadda ke jan ƙafa baya lokacin tafiya. Tana da girma ƙwarai a kada, ta ƙanƙance a kaza, kuma tudun da take kamawa a bayyane yake a cinyar dainoso. Persons da Currie sun feɗe wutsiyoyin dangin kada da ƙadangaru, suka nuna a 2011 cewa tsofaffin zane-zanen Tyrannosaurus sun rage wa wutsiyarsa nama sosai. Saboda haka wanda ya zana Suchomimus, wani dainoso mai cin nama na Gadufawa, da siririyar wutsiya kamar bulala ya saɓa wa hujjar da ta fi kowace ƙarfi.

3.0 Sarcosuchus: Dangi na Kusa, Amsa Biyu

Sarcosuchus imperator, wanda France de Broin da Taquet suka bayyana a 1966, ba dainoso ba ne, daga zuriyar su kada yake. An sako shi a nan ne domin ya zama ma'auni: idan akwai halittar da dabba mai rai za ta warware surarta cikin sauƙi, ita ce wannan.

Amma ba a sami cikakken kwarangwal ɗinsa ba. Ƙoƙon kai mafi girma ya kai kusan mita 1.6. Ayarin Sereno ya auna tsawon kai da na jiki a kadan gariyal na Indiya da kadan ruwan gishiri, ya fitar a 2001 cewa dabbar ta kusa mita 12, nauyinta kusan tan 8. A 2019 O'Brien da abokan aikinsa suka yi amfani da faɗin kai maimakon tsawonsa, suka haɗa nau'o'in kada masu yawa, sai tsawon ya sauko zuwa mita 9 ko 9.5, nauyin ya koma wajen tan 4. Ƙashi ɗaya, dangi ɗaya, amma rabin nauyi ya tafi saboda an sauya abin da ake aunawa.

Akwai kuma kumburin da ke ƙarshen hancinsa. Namijin gariyal yana da irinsa, macen ba ta da shi, don haka zai yi daɗi mai zane ya bar wa namiji kaɗai. Sai dai kumburin gariyal nama ne, na Sarcosuchus kuwa ƙashi ne, kuma ana ganinsa a ƙoƙunan kan da aka samu ba tare da bambanci ba. Kama da wane ba ta wane.

4.0 Nigersaurus: Saniyar da ba Saniya ba

An raɗa wa Nigersaurus taqueti suna a 1999, aka bayyana ƙoƙon kansa dalla-dalla a 2007. Tsawonsa kusan mita 9 ne, wuyansa mai gaɓoɓi 13 gajere ne idan aka gwada da danginsa masu dogon wuya. Bakinsa ne abin mamaki: ya fi sauran kan faɗi, gabansa a miƙe yake kamar bakin shebur, da haƙora sama da 500 jere a bayan juna. Binciken D'Emic da abokansa na 2013 ya nuna kowane haƙori yana sauyawa cikin kusan kwana 14.

Babu kada ko tsuntsu mai irin wannan baki, dole aka koma ga kamanni. Duk makiyayi ya san bambancin bakin saniya da na akuya. Saniya mai faɗin baki tana sharar ciyawa a ƙasa ba zaɓe, akuya mai siririn baki tana tsintar ganye ɗaya-ɗaya a kan ƙaya. Haka yake tsakanin farin karkanda mai faffaɗan leɓe da baƙin karkanda mai leɓe mai ƙugiya. Wannan ƙa'ida ta aiki ce, ba ta jini ba, kuma lalacewar haƙoran Nigersaurus ta goyi bayanta: a ƙasa-ƙasa yake kiwon tsirrai masu laushi. Har nan kwatancen ya yi amfani. Daga nan kuwa sai a saki saniya. Leɓe mai motsi da kumatu masu tsoka kayan dabbobi masu shayarwa ne, babu su a kada, babu su a tsuntsu. Mai zanen da ya ba Nigersaurus fuskar saniya mai tuƙa ya tsallaka zuwa mataki na uku bai sani ba. Haka kuma filin ciyawa irin na makiyayarmu bai wanzu ba a wancan zamani.

Taƙaddama mafi zafi a kan yadda yake riƙe kai ce. A cikin kunnen kusan kowace dabba mai ƙashin baya akwai wasu bututu uku masu lanƙwasa da ke kula da daidaito. Sereno da abokansa sun ɗauka cewa ɗaya daga cikinsu yana kwanciya daidai da ƙasa idan dabba ta tsaya a natse, suka juya ƙoƙon kan a kan haka, sai baki ya dubi ƙasa kusan a tsaye. Da wannan siffa Nigersaurus ya shiga mujallu da gidajen tarihi. A 2009 Taylor da Wedel da Naish suka kawo hotunan haskawa na dabbobi masu rai, irin su zomo da kaza, waɗanda ke nuna cewa dabba a farke tana ɗaga gindin wuya sama fiye da yadda ƙasusuwan ke nunawa idan an jera su a tebur. Marugán-Lobón da abokansa suka ƙara a 2013 cewa kwanciyar bututun kunne tana bambanta ƙwarai tsakanin tsuntsaye, har ba za a iya dogara da ita ita kaɗai ba. A shekarar dai Cobley da Rayfield da Barrett suka feɗe wuyan jimina sashe-sashe, suka ga cewa tsoka da guringuntsi suna sauya iyakar lanƙwasar wuya ta yadda busasshen ƙashi ba zai nuna ba.

A ganin wannan maƙala, zana Nigersaurus da baki a ƙasa daidai ne idan kiwo yake yi. Mayar da hakan tsayuwarsa ta kullum ya wuce abin da hujja ta ba da. Dabbar da ke zaune wuri ɗaya da Suchomimus da Sarcosuchus ba za ta rasa dalilin ɗaga kai ba.

5.0 Ouranosaurus: Tanti ko Tozo?

Ouranosaurus nigeriensis, wanda Taquet ya bayyana a 1976, dangin Iguanodon ɗin Mantell ne, har da ƙaramin tsinin babban yatsa. Ɗaya daga cikin kwarangwal ɗinsa yana gidan tarihin halittu na birnin Venis a Italiya. Ƙasusuwan da suka tashi daga gadon bayansa dogaye ne, mafi tsawo ya haura santimita 60. An daɗe ana zana su da siririyar fata a shimfiɗe kamar tanti, ana cewa tana taimaka masa shan rana ko fitar da zafi. A 1997 Jack Bailey ya ce faɗin ƙasusuwan da kaurinsu sun fi kama da na ɓaunan Amurka, wanda irinsu ke ɗauke da tudun tsoka, don haka tozo ne.

Ga mai karatu Bahaushe kalmar tozo tana kawo raƙumi, kuma dabbar hamada ce aka tono, sai zuciya ta karkata. A nan akwai tarko biyu. Na farko, Gadufawa ta wancan lokaci ƙasar koguna ce mai kifi da kada, babu ruwanta da Tenere ta yau. Na biyu ya fi muhimmanci: tozon raƙumi kitse ne, babu ƙashi a cikinsa. Kowane mahauci ya san yana yanke tozo ba tare da wuƙarsa ta sari ƙashi ba. Wato raƙumi yana da tozo ba tare da dogayen ƙasusuwan da suka bi siffarsa ba, hawainiya da wasu ƙadangaru kuwa suna da tsayin gadon baya ba tare da tozo ba. Dogon ƙashi bai wajabta tozo ba, rashinsa bai kore shi ba. Kada da tsuntsu sun yi shiru a nan, saboda haka tanti da tozo duk suna mataki na uku. Abin da ya fi kusa da hujja shi ne kauri na tsoka da jijiya a gindin ƙasusuwan, yana sirancewa zuwa sama.

6.0 Abin da Ƙashi ke Ɓoyewa

Darasin tozo ya wuce Ouranosaurus. Wanda bai taɓa ganin dorina ba, aka ba shi ƙoƙon kanta, zai zana dodo mai haure a waje. Mujiya idan aka fige ta ba ta kai rabin yadda ake ganinta ba. John Conway da C. M. Kosemen da Darren Naish sun soki wannan ɗabi'a ta manna fata a kan ƙashi a littafinsu All Yesterdays na 2012, kuma tono ya gaskata su: an sami Edmontosaurus a Kanada da zanko na nama a ka irin na zakara, alhali babu alamarsa a ƙashi. Witmer ya nuna a 2001 cewa a dabbobi masu rai kafar hanci tana gaban ramin ƙashi, kusa da baki, ba can baya inda aka saba zana ta ba. A 2023 Cullen da abokansa suka gwada haƙoran dangin Tyrannosaurus da na kada da na dangin guza da damo, suka ga na dangin Tyrannosaurus ba su da zaizayar da ake gani a haƙoran kada da ke waje, alamar leɓe yana rufe su. A nan ɗan uwa na nesa ya fi na kusa amfani, domin bakin kada ya sauya saboda zaman ruwa.

Launi kuwa an gano shi a halittu kaɗan, kamar Sinosauropteryx na Sin, wanda ƙwayoyin launin gashinsa suka nuna ja-ja da wutsiya mai zobe-zobe a 2010. Launin da aka shafa wa dabbobin Gadufawa zaɓin mai zane ne.

7.0 Shawara

Yaran da ke zuwa Gidan Tarihi na Boubou Hama a Yamai, da masu karanta littattafan kimiyya a makarantunmu, hoton suke ɗauka a matsayin gaskiya, ba bayanin da ke ƙasansa ba. Muna kira ga masu zanen littattafai da masu tsara baje koli da su riƙa ɗora ƙaramin zanen kwarangwal kusa da kowane hoto, a bar ƙashin da aka tono fari, wanda aka aro daga dangi a yi masa toka-toka, sannan a rubuta da Hausa da Faransanci da Tamashek wace dabba aka duba wajen ɗora naman.