Daga Lau zuwa Ida: matan da kogin Binuwai ya sani

'Yan uwa ɗalibai, musamman na nan Jalingo da na Wukari da na Zing. Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi ni a hankali.

Duk lokacin da aka ce za a fita ziyarar karatu, kun san inda ake nufa: ko a hau Mambila a sha sanyi, ko a leƙa Gashaka. A ɗauki hotuna, a cika waya, a dawo. Ba laifi, wurare ne masu kyau. Amma akwai wata hanya da ke kwance a bayan gidanmu wadda ba mu cika tunawa da ita ba, wato kogin Binuwai. Kuma wannan hanya cike take da sawun mata masu mulki.

A Masar wannan sana'a ce babba. Ana ɗibar baƙi a jirgin ruwa a kogin Nilu, tsakanin Luksor da Aswan, ana tsayawa kufai bayan kufai. A hayin Luksor akwai ginin Hatshefsut, macen da ta hau gadon Fir'auna wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Dandara kuma, arewa da Luksor, akwai hoton Kiliyofatira da ɗanta a sassaƙe a jikin bango. Mutane na biyan kuɗi masu kauri daga Turai da Amurka don kawai su tsaya gaban waɗannan duwatsu. Bayan mutuwar Hatshefsut an bi gumakanta an farfasa, an kankare sunanta a wurare da yawa, amma da yake rubutun a dutse yake kuma yana da yawa, masana suka sake haɗa labarinta. Ku riƙe wannan batu na rubutu, za mu dawo kansa.

To mu fa? Da za mu tsara tamu tafiyar, ga yadda za ta kasance.

Za mu shiga ruwa a Lau, tunda ita ce gaɓar da ta fi kusa da mu. Sai dai a jira damina ta yi nisa, wajen Agusta zuwa Oktoba, don da rani rairayi ne ke cinye kogin. Binuwai ya taso ne daga tsaunukan Kamaru, ya ratsa Garwa da Yola da Numan, ya wuce ta Lau da Ibi da Makurɗi, ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Tsawonsa wajen kilomita 1,400. Ta nan Bature Baikie ya hauro da jirginsa a 1854 har ya kai ƙasar Muri. Ta nan kuma Bafaranshe Mizon ya zo a 1892, ya taimaki Sarkin Muri Muhammadu Nya da manyan bindigogi a yaƙin Kona, wanda bayansa aka kafa Jalingo a 1893. Kun ga ke nan garin da muke karatu a cikinsa, tarihinsa ma ta ruwan nan ya biyo.

Zangon farko Ibi, daga nan a hau mota zuwa Wukari, fadar Aku Uka. Mu 'yan arewa mun saba jin sunan Kwararrafa a aji a matsayin mayaƙan da suka addabi Kano, har suka shiga birnin a ƙarni na 17. Har yau masana na muhawara kan ko su wa da wa suka haɗu suka yi Kwararrafa, amma Jukunawan Wukari su ne aka fi sani da riƙe wannan gado. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne matsayin mata a wannan fada. C. K. Meek, jami'in Turawan mulki da ya yi bincike a can ya fitar da littafi a 1931, ya yi bayanin wata sarauta da ake kira Angwu Tsi. Ana zaɓo ta daga cikin matan sarkin da ya shuɗe, tana da gidanta da fadawanta, tana riƙe da sarautar har ƙarshen ranta, kuma wanda ya yi wa sarki laifi yana iya gudu gidanta ya nemi mafaka. Akwai kuma Angwu Kaku, wadda ake ɗauka a matsayin 'yar uwar sarki a hukumance. Ku duba fa: fadar da ake jin tsoron sarkinta, amma a cikinta akwai ƙofar mace da fushinsa ke tsayawa a bakinta. Wannan a jiharmu yake, tafiyar 'yan sa'o'i daga hostal ɗinmu.

Daga Ibi ruwa zai gangara da mu Makurɗi, sai Lakwaja, sai mu karya kudu a kan Kwara zuwa Ida, garin Attah na Igala. Nan labari ya ƙara daɗi, don Igala da kansu suna da ruwayar da ke cewa gidan sarautarsu daga wajen Wukari ya taso. A wannan ruwaya wani ɗan sarki mai suna Abutu Eje ne ya yi ƙaura, kuma 'yarsa Ebulejonu ce ta fara riƙe sarautar Attah. Mace ce farkon jerin.

A bakin ruwa a Ida, wajen kasuwar Ega, akwai mutum-mutumin Inikpi, 'yar Attah Ayegba. Ruwaya ta ce lokacin da yaƙi ya matso garin, bokaye suka ce sai an sadaukar da 'yar sarki, ita kuma ta amince aka binne ta da rai. Wasu na cewa yaƙin da Jukun ne, wasu na cewa da Bini. Labari ne mai ɗaci, kuma ba abin da addininmu, Musulmi da Kirista, zai yarda da shi ba ne. Amma ɗalibin tarihi ba ya rufe ido. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce: me ya sa al'umma ta fi saurin gina wa mace gunki idan ta mutu dominta, fiye da idan ta yi mulki a cikinta? Ebulejonu ta yi sarauta, Inikpi ta ba da rai. Ku tambayi abokanku 'yan Kogi wacce aka fi sani.

Ida ɗin nan kuma ita ce ta haɗa mu da wadda kowa ke jira, Amina ta Zazzau. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, ya ambaci Amina, ya ce ta yi yaƙe-yaƙe har Kano da Katsina suka ba ta gandu, kuma ta rasu a wani wuri da ake kira Atagara. Masana da yawa na danganta Atagara da yankin Ida. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, shi kuma ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aika mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma ta shekara 34 tana yaƙi. Wato idan muka bi waɗannan littattafai biyu, tafiyar da muka tsara daga ƙasar Kwararrafa zuwa Ida, iyakar kudu ce ta duniyar Amina.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Tarihin Kano ya sa Amina a zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438. Ruwayar Zariya kuwa ta ce 'yar Bakwa Turunku ce, abin da ke kai ta ƙarni na 16, har wasu littattafan makaranta ke cewa ta hau mulki a 1576. Tazarar ta haura shekara 130. Ƙari a kan haka, jerin sarakunan Haɓe na Zazzau da aka fi sani yana da sunan Bakwa Turunku, amma babu na Amina, shi ya sa wasu masana ke ganin gimbiya ce mai jan runduna, ba ta zauna kan gado ba. Shi kansa Bello ya rubuta nasa ne bayan ɗaruruwan shekaru. Labarin nan da ake yawan bayarwa na cewa tana kwana da namiji a kowane gari ta kashe shi da safe, daga hirar baka ya fito. Fim ɗin da Netflix ta saka a 2021 ma ya ƙara nasa gishirin. Mace mai wannan girma, amma kowa na ƙera ta yadda yake so, don ba mu da kalma ko ɗaya da ta fito daga bakinta ko daga alƙalamin wanda ya gan ta.

Abin da ta bari shi ne ƙasa. A garuruwa da yawa na ƙasar Hausa, tsohuwar ganuwa sunanta ganuwar Amina, ko da ba ita ta gina ba. A Turunku, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, akwai duwatsu da kufan tsohon gari da ake dangantawa da gidansu. To amma ganuwarmu ta jar ƙasa ce. Ruwan sama na cinta, mai gini na ɗibarta ya buga tubali, manomi na shigar da gonarsa, mai fili na yanka fuloti a kanta. Duk wanda ya yi karatu a Zariya ko Kano ya ga yadda badala ke komawa juji. Masar ta yi gini da dutse a ƙasar da ruwa ba ya sauka sosai, mu kuwa mun yi da laka a ƙasar damina. Saboda haka abin da su za su iya bari ya jira shekara dubu, mu ba mu da wannan lokacin.

Ku kwatanta da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ba ta gina ganuwa ba. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa jajis, ta ba su malfa, su bi ƙauyuka suna karantar da mata. Gidan Waziri a Sakkwato ya adana takardunta, har Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su a littafi guda a 1997, ayyuka kusan 60. Kabarinta na Hubbare kusa da na mahaifinta. Yau babu mai musun ƙarnin da ta rayu, babu mai ƙaga mata halin da ba nata ba ya sha lafiya, don ga maganarta nan a rubuce. Tsakaninta da Amina bambancin ke nan: ɗaya ta bar bango, ɗaya ta bar tawada, kuma tawadar ce ta fi jure damina.

Kar ku ce wannan matsalar mutanen da ce kawai. A nan Taraba, Sanata A'isha Jummai Alhassan, Mama Taraba, ta tsaya takarar gwamna a 2015. A watan Nuwamba na shekarar kotun sauraren ƙararrakin zaɓe ta ce ita ta ci, kotun ɗaukaka ƙara ta soke, Kotun Ƙoli ta tabbatar da Darius Ishaku a 2016. Ta riƙe ministar mata, ta rasu a 2021. Ko kana sonta ko ba ka yi, babi ne na tarihin jihar nan. Amma ku tambayi 'yan aji ɗaya da suka shigo bana, za ku ji labarin ya riga ya fara rikiɗewa, kowa da nasa. Idan abin da ya faru a gaban idonmu, a zamanin waya da Facebook, ya fara zama haka, ina ga na shekara 500?

To me za mu yi? Jirgin yawon buɗe ido kam ba mu da shi, kuma kowa ya san halin tsaro da tsadar mai. Amma muna da abin da ya fi jirgi araha. Duk shekara ɗaruruwanmu ke rubuta furojek, kuma mu faɗa wa juna gaskiya, da yawa kwafowa ake yi daga na waɗanda suka wuce, a canza sunan gari kawai. 'Yan tarihi, 'yan Hausa, 'yan aikin jarida, 'yan nazarin zamantakewa, ga batutuwa nan zube. Ɗan Wukari ya nemi izinin fada ya rubuta jerin waɗanda suka riƙe Angwu Tsi da abin da ya canza a aikinsu daga zamanin Meek zuwa yau. 'Yar Jalingo ta bi gidajen malamai ta tambayi su wa suka karantar da matan Muri, da wane littafi, a wane zaure. Ɗan Takum, ɗan Gembu, ɗan Karim Lamido, kowa ya tambaya a garinsu wace sarauta ce ta mata, wa ke riƙe da ita, ina tsohon gidanta yake. Idan akwai kufai ko ragowar ganuwa, a ɗauki hoto, a auna tsawo da taku, a rubuta kwanan wata, a adana wurin a taswirar waya. A naɗi muryar tsohuwa da yarenta, da izininta, a rubuta sunanta daidai, a ajiye kwafi a laburare, kar ya tsaya a wayar da za ta faɗa ruwa gobe.

Kuma 'yan uwa mata, wannan aikin ya fi sauƙi a hannunku. Akwai ɗakunan da namiji ba zai shiga ba, akwai maganar da tsohuwa ba za ta yi a gabansa ba. Meek namiji ne, baƙo. Abin da ya samu game da matan fadar Wukari, abin da aka ga dama aka faɗa masa ne. Ke da za ki zauna a tabarma ɗaya da kakarki kina jin yarenta, kin fi shi dama nesa ba kusa ba.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Hutun samista na tafe, kowa zai koma gida. Wanda ya san wata sarautar mata ko wani kufai a garinsu, ya rubuta mana sunan a ƙasa, mu fara haɗa jerin tun yanzu. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu sa'ar jarrabawa.