Damagaram da Silima: Hoto Ya Samu, Wurin Kallo Ya Yi Wuya

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Tarihin Damagaram ya daɗe yana yawo a bakin maroƙa da dattawan Birni, daga baya ya shiga littattafai, a ƙarshe kuma ya hau allon silima. A cikin shekaru arba'in, daga 1982 zuwa 2021, ƴan Nijar uku sun ɗauki wannan birni sun mai da shi jigon fim. Abin da ya kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su tsaya a kansa shi ne: mutanen da aka yi waɗannan finafinai a kansu, nawa ne daga cikinsu suka taɓa zama wuri guda suka kalle su tare?

Silima ta shigo biranen ƙasar nan a zamanin mulkin mallaka, kuma ta shigo ne a matsayin hajar ƴan kasuwa. Kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, su ne suka riƙe rarraba finafinai a ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da Faransanci har zuwa shekarun 1970. Abin da suka aiko shi ake gani: finafinan kaboyi na Amurka, na Indiya masu waƙa da rawa, na Masar, daga baya kuma na ƴan kareti. Gidajen silima na wancan lokaci yawanci fili ne da aka kewaye da bango, babu rufi, don haka sai duhu ya yi ake farawa. Kujerun baya sun fi tsada, talaka kuwa yana gaba, dab da allo. Ba a kallo shiru: ana yi wa jarumi kirari, ana gargaɗinsa idan mugu ya laɓe masa, wanda ya ga fim sau uku yana fassara wa na kusa da shi. Iyaye da malamai da yawa ba su ɗauki wurin a matsayin wurin ɗan kirki ba, kuma matan aure ba safai suke taka shi ba. Duk da haka, a nan ne samarin gari suka koyi kallon labari ɗaya a lokaci ɗaya, su fito suna gardama a kansa.

Ƴan Nijar ba su daɗe a matsayin ƴan kallo kawai ba. Moustapha Alassane ya fitar da «Aouré» a 1962. A 1966 ya yi «Le Retour d'un aventurier», labarin saurayin da ya komo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu. Wato tun a lokacin ya hango abin da baƙon hoto ke iya yi wa tunanin matasa. Oumarou Ganda kuwa, da fim ɗinsa «Le Wazzou polygame», shi ya fara lashe babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu a 1972.

Rabon Damagaram ya zo a 1982, lokacin da Mahamane Bakabé ya fitar da «Si les cavaliers». Ya ɗauko shi daga wasan kwaikwayo na André Salifou, masanin tarihi haifaffen Zinder, wanda ya rubuta littafi a kan daular Damagaram ta ƙarni na 19 da kuma wasan «Tanimoune». Don a fahimci fim ɗin sai an waiwayi abin da ya gabace shi. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A watan Yuli na 1899 sojan Faransa suka ci dakarun Damagaram a Tirmini, suka shiga birnin, kuma ba a ƙare shekarar ba sai da aka kashe sarkin. A 1906 Faransawa suka ce sun gano shirin tawaye a fada, suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa, suka kai shi gudun hijira ƙasar Kwaddibuwa, ba a kuma mai da sarautar ba sai 1923. Wannan shiri na 1906 shi ne zuciyar fim ɗin Bakabé. A gefensa ya dace a ajiye «Sarraounia» na Med Hondo, na 1986, wanda aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani, domin ayarin Voulet da Chanoine da ya yaƙi Sarauniya a Lugu, ragowarsa ce ta iso Tirmini bayan mutuwar shugabanninsa biyu. Wanda ya kalli finafinan nan a jere ya ga yadda mulkin mallaka ya shigo, da yadda ya zauna.

Sai dai a daidai lokacin da aka fara samun irin waɗannan ayyuka, gidajen da za a nuna su suka soma mutuwa. Talabijin ta ƙasa ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1970, kaset ɗin bidiyo ya biyo baya, sannan karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994 ta ninka kuɗin duk abin da ake sayowa daga waje. Daga Kano kuma wata sabuwar iska ta taso: tun daga «Turmin Danya» na 1990, finafinan Hausa na bidiyo suka bi tsohuwar hanyar fatake zuwa Damagaram, suka shiga har ɗakunan mata, inda silima ba ta taɓa kaiwa ba. Wannan ci gaba ne da ba a musunsa, domin mutane sun ji harshensu a bakin jarumai. Amma kallo ya tashi daga dandali ya koma rumfar bidiyo ta unguwa, daga nan ya koma tsakar gida, yau kuma ya ƙare a wayar salula, kowa da nasa a tafin hannu. Gidajen silima na biranen ƙasar suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Cibiyoyin al'adu ne suka ci gaba da nuna fim jefi-jefi, kuma ta Faransa da Nijar da ke Zinder an cinna mata wuta ranar 16 ga Janairu 2015, a cikin zanga-zangar da zanen jaridar Charlie Hebdo ya haddasa.

A cikin wannan hali ne mata biyu suka sake juyo da na'urar ɗaukar hoto zuwa Damagaram. A 2016 Rahmatou Keïta ta fitar da «Zin'naariyâ!», labarin ɗaliba ƴar gidan sarauta da ta komo gida daga Faransa tana jiran wanda take so. Fim ne na zaure da soro, na lalle da tufafi da ladabin mata manya, kuma shi ne na farko da Nijar ta aika gasar Oscar. A 2021 Aïcha Macky, haifaffiyar garin, ta fitar da «Zinder», wanda ba ƙagaggen labari ba ne. Ta shiga Kara-Kara, unguwar da a da ake keɓe masu cutar kuturta, ta zauna da samarin ƙungiyoyin da ake kira «pale», masu ɗaga ƙarfe da masu fasa-ƙwaurin man fetur da waɗanda suka tuba suna neman abin yi. Ta bar su suka yi magana da bakinsu a kan rashin makaranta, rashin aiki da gidan kaso.

Idan aka jera finafinan uku, sai a ga birni ɗaya da fuska uku: fadar da aka karya a 1906, gidan sarautar da ya riƙe mutuncinsa, da unguwar da aka juya wa baya. Kowannensu shi kaɗai yana iya ruɗin mai kallo. Wanda ya tsaya ga na Keïta zai ɗauka Damagaram duk ado ce, wanda ya tsaya ga na Macky zai ɗauka duk wuƙa ce. Tsohon fim ne ke ba sabo asali, sabo kuma shi ke tambayar tsoho inda aka kwana. Samarin da ke sanya wa ƙungiyoyinsu sunayen ƙetare a fim ɗin Macky, ai jikokin kaboyin Alassane ne na 1966, sai dai wasan ya zama gaske.

Abin takaici, tsofaffin ayyukan nan sun fi samun masu kallo a waje. A 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya shirya nunin finafinan Moustapha Alassane. A 2018 aka nuna «Shaihu Umar» na Adamu Halilu, fim ɗin Hausa na 1976, a bikin finafinai na Berlin bayan an gyara shi. A Yamai an buɗe sabon gidan silima na CanalOlympia a 2017, amma tsakanin Yamai da Zinder tafiyar kusan kilomita 900 ce.

Ba sai an jira an gina katafaren gida ba. Ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant ta nuna a ƙauyukan Nijar cewa farin ƙyalle, na'urar haska hoto da ɗan injin wuta sun isa su tara gari. Filin makaranta ma zai iya, idan an nemi izinin masu fim, aka sa tsoho da sabo a dare ɗaya, aka kuma bar lokacin muhawara da Hausa a bayansu. Garin da ya yi suna da wasan kwaikwayon Yazi Dogo da abokansa bai rasa ƴan kallo masu kaifin ido ba. Dattijon da ya ji labarin Tirmini daga kakansa da ɗalibin da ke zaune a Kara-Kara suna da abin da za su faɗa wa juna, muddin an zaunar da su gaban allo ɗaya.