Daga Zauren Sarkin Yelu Zuwa Kotunan Yamai: Wa Ke Yi Wa Talaka Magana?

Ranar 10 ga Nuwamba 1903 gwamnatin Faransa ta fitar da dokar da ta raba shari'a gida biyu a ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma. Gida na farko na Faransawa ne da 'yan tsirarun da doka ta jera tare da su. A can akwai alƙalin da ya karanta doka, akwai lauya mai tsaya wa mutum. Gida na biyu na sauran jama'a ne, talakawan mallaka, kuma da mulkin Nasara ya zauna da gindinsa a ƙasar Dandi, cikin wannan gida aka zuba mutanen Yelu.

Yelu tana arewa da Gaya, a kwarin Dallol Mawri, ƙasar giginya da fadama, ba nisa da inda ake dafa gishirin Foga. Tsohon mazaunin Kyangawa ne, ko da yake Hausa ta daɗe da cinye gida da kasuwa, ga kuma Zabarmawa da Dandawa da Fulani. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su suka ja layin da ya bar Yelu a hannun Faransa, ya bar Kamba a hannun Ingila. Dangi ɗaya, aure ɗaya, gado ɗaya, amma daga lokacin doka biyu.

A kotunan talakawa da Faransa ta kafa, an ce za a yi wa kowa hukunci da al'adarsa, muddin ba ta saɓa wa abin da suka kira wayewar Faransa ba. An yi wa tsarin kwaskwarima a 1912 da 1924 da 1931, kuma kowane gyara ƙara matso da kujerar shugabanci ya yi kusa da kumandan. Shi ne mai mulki, shi ne mai karɓar haraji, shi ne mai ɗiban mutane aikin tilas, shi ne kuma alƙali. A gefensa dattawa biyu ke zaune, waɗanda aka zaɓo daga manyan gari don su faɗa masa yadda al'ada ta ce. Lauya kuwa ba a yarda ya sa ƙafa a wannan kotu ba. Mai ƙara shi zai tsaya da bakinsa, ko wani nasa ya taimaka masa.

Bakin nasa ma ba kai tsaye yake isa kunnen alƙali ba. Tsakaninsu akwai tafinta, mutumin da ya fi kowa ƙarfi a wurin ba tare da an rubuta haka a takarda ba. Manomi ya yi bayani mai tsawo, ya kawo kakansa da kakan abokin shari'arsa, tafinta ya dunƙule shi cikin jimla biyu. Abin da ya zubar a hanya ya zube ke nan. Wannan ma fa idan an kai ga zaman kotu, domin ƙarƙashin dokar andijena kumandan na iya jefa mutum kaso har kwana 15, ya ci shi tarar da ta kai faran 100, ba shaida ba tambaya. A hayin Kamba kayan sun bambanta, Turawan Ingila sun bar alƙalan Musulunci da sarakuna a kan buzayensu, amma a abu ɗaya masu mulkin biyu sun yi baki ɗaya: can ma ba a barin lauya ya shiga kotun gargajiya.

Mace kuwa wurinta a wannan zaure gaban masu hukunci ne, ba cikinsu ba. A 1939 dokar Mandel ta hana a aurar da yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba, ta ce sai da yardar ango da amarya. A 1951 dokar Jacquinot ta yi ƙoƙarin taka wa tsadar kuɗin aure birki. Takardu ne masu kyan karatu. Sai dai waɗanda za a tambaya ko an karya su, su ne dattawan da aka ɗaura auren a gabansu.

Katangar da ta raba gidajen shari'ar biyu ta tsage bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tsakanin Disamba 1945 da Fabrairu 1946 aka soke andijena, ranar 11 ga Afrilu 1946 aka haramta aikin tilas, a ƙarshen watan aka karɓe hukunta laifuka daga kotunan talakawa, sannan ranar 7 ga Mayu aka zartar da dokar da ta mai da mutanen ƙasashen mallaka 'yan ƙasa. Dokar nan ta ƙarshe sunan Lamine Guèye take ɗauke da shi, ɗan Senegal wanda ya yi digirin digirgir a fannin doka tun 1921 ya zama lauya. Ba banza ba ne a ce wanda ya jagoranci rushe katangar lauya ne baƙar fata. Ya san tsayinta domin ya ga cikin gidajen biyu.

Bayan 'yancin kai, dokar 16 ga Maris 1962 ta haɗe kotunan Nijar wuri guda, amma ba ta kori al'ada ba. Aure, saki, gado, kyauta, wasiyya da gonar da ba ta da takardar rajista, duk da al'adar masu shari'ar ake yanke su. Dokar 2004 da ta gaje ta, da ta 2018, sun riƙe wannan ginshiƙi. Dattawan nan biyu ma suna nan, sai dai yanzu a gefen alƙalin gwamnati suke, kuma shawara kawai suke bayarwa, hukunci nasa ne.

Mu ɗauki rigimar da ta fi yawa a irin wannan ƙasa, ta gonar aro. Kakan wani ya ba kakan wani fili ya noma, duk kaka ana kai wa mai gona dami ɗaya ko biyu na gero, ba don ya ƙoshi ba, don dai kada a manta ko ta wa ce. Shekaru sun ja, an daina kai damin, jikoki sun tashi kowa na cewa gadonsa ne. Za a fara daga maigari, in ta gagara a hau zauren sarki. Dokar ƙasa ta ba sarakuna ikon sulhu, ba na hukunci ba, kuma tun 1993 aka tsara wannan a dokar sarauta da ta karkara. A zauren za a kira maƙwabtan iyaka, a tambayi wanda ya ga an kai dami, a je a duba layin gamba ko tsohuwar giginyar da ke tsakani, wani lokaci a kai ga Alƙur'ani. In an shirya a rubuta takardar sulhu, in ba a shirya ba a rubuta ta rashin sulhu, mai ƙara ya naɗe ta cikin leda ya nufi kotun Gaya. A can juju, wato alƙalin gwamnati, zai saurare shi, sau da yawa ta bakin tafinta, a rubuta hukunci da Faransanci. Wanda bai gamsu ba sai Doso, daga nan sai Yamai, kusan kilomita 300 daga Gaya. Kowane mataki kuɗin mota ne da kwana a gari baƙo, kuma damina ba ta jiran mai shari'a. A duk tsawon wannan hanya manomin Yelu na iya zuwa ya dawo bai taɓa haɗa ido da lauya ba.

Su wa suka hau kujerun da Faransawa suka bari? Wanda ya yi boko mai zurfi da Faransanci, wato galibi ɗan birni, kuma namiji. Nijar ba ta sami jami'arta ba sai farkon shekarun 1970, alƙalan farko a waje suka yi karatu. Mata sun shigo a makare kuma ɗaiɗai. Ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka yi tattaki a Yamai saboda an kusa mantawa da su a kwamitin shirya babban taron ƙasa, ranar da har yau ake tunawa da ita a matsayin ranar matan Nijar. A wannan zamani ƙungiyar mata masana doka ta kafu, sannan a 2000 aka yi dokar kaso, wadda ta ware aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe da kashi 25 na manyan naɗe-naɗe ga kowane jinsi. Kundin dokar iyali kuwa, wanda zai taɓa aure da saki da gado kai tsaye, an yunƙuro da shi a farkon shekarun 1990 da kuma 2011, ƙungiyoyin addini suka ƙi, aka mayar da shi aljihun tebur.

Duk da haka mace ce ta yi tsayuwar da ta fi kowace fice a tarihin shari'ar Nijar. Salifu Fatimata Bazeye, haifaffiyar Damagaram a 1951, tana shugabancin kotun tsarin mulki lokacin da Shugaba Tanja Mamadu ya nemi tazarce. Ranar 25 ga Mayu 2009 kotun ta ce ƙuri'ar raba gardamar da yake so ta saɓa wa tsarin mulki. Washegari ya rushe majalisa. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke takardar kiran zaɓen, ranar 29 ga watan ya rushe kotun ita ma. Bayan sojoji sun kifar da shi a Fabrairu 2010, ita aka kira ta jagoranci majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya, kuma jaridar Daily Trust ta Abuja ta zaɓe ta gwarzuwar Afirka ta 2011. A 2013 wata macen, Kadidiyatu Ly, wadda da aikin ungozoma ta fara kafin ta koma ta karanta doka, ta hau kujerar shugabancin kotun. A daidai lokacin 'yar Kano Aloma Mukhtar ce Alƙalin Alƙalan Nijeriya. Abin alfahari ne, ba shakka. Amma a ganina aikin shari'a a ƙasashen nan kamar rumbu yake, bakinsa a sama, sai mai tsani. An ga mata a ƙololuwa tun ba a saba ganinsu a kan bencin masu faɗin al'ada a ƙananan kotuna ba, alhali a nan ne ake yanke maganar saki da riƙon 'ya'ya da rabon gona.

Shari'ar Hadijatu Mani ta nuna abin da wannan ke jawowa. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a yankin Ƙwanni kan jika 240 na sefa ta zama wahaya, wato baiwar da ake riƙe kamar mata. A 2005 ubangidanta ya ba ta takardar 'yanci amma ya ce ai matarsa ce. Ƙaramar kotun Ƙwanni ta ce ba aure, tun da ba sadaki ba ɗaurin aure ba yardarta. Babbar kotun garin ta juya hukuncin da sunan al'ada. Da ta auri wanda take so, sai aka yanke mata wata shida a kan aure bisa aure, har ta kwana a kaso. Wannan duka bayan Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka a 2003. Abin da ya sauya lamarin shi ne ta sami masu tsaya mata: ƙungiyar Timidiriya, lauya Abdurahaman Shaibu, da wasu lauyoyi daga waje. Suka kai gwamnatin Nijar gaban kotun CEDEAO, wadda 'yan Nijeriya ke kira ECOWAS. Kotun ta zo ta zauna a Yamai, alƙalai uku, biyu mata, Aminata Mallé Sanogo ta Mali ce shugaba. Ranar 27 ga Oktoba 2008 suka ce gwamnati ta gaza kare ta daga bauta, suka umarta a biya ta sefa miliyan 10.

Gwamnati ta san da wannan giɓi. A Disamba 2011 aka kafa hukumar ANAJJ don ba marasa hali taimakon shari'a kyauta, da ofisoshi a manyan kotuna irin ta Doso. Amma ina lauyoyin? Kusan dukkansu a Yamai suke, shi ya sa a jihohi ake naɗa wasu mutanen gari da ba lauyoyi ba su kare wanda ake tuhuma. Ba zan ga laifin lauyoyin su kaɗai ba. Yaron Yelu da ya so wannan aiki sai ya tsallake sakandare, ya yi shekaru a jami'a, ya ci jarrabawar shiga, sannan ya yi shekara uku yana koyo a ofishin wani babban lauya, kamar yadda ƙa'idar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta tanada. Ofisoshin a babban birni suke, bankuna da kamfanonin waya da na mai masu iya biya ma can suke. Kafin ya gama ya yi aure ya kama haya, rigimar damin gero ba za ta ciyar da shi ba. Ƙa'idojin ƙungiyar sun buɗe wa lauyan Kwatano hanyar tsayawa a kotun Nijar, amma ba su san da na Birnin Kebbi ba, wanda zai ji Hausar manomin ba tare da tafinta ba.

Shekarar 2025 ta zo da abu biyu da suka shafi mai ƙara na Yelu. A watan Maris sabon kundin da mahukuntan soja suka zartar ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki tare da Ingilishi. Kafin wannan ya sauka zauren kotun Gaya, sai an fassara kundayen doka, an horar da magatakarda masu rubuta hukunci da Hausa, an kuma yi wa Bazabarme da Bafulatanin Dallol tanadi, kada a sake musu tafinta kawai. Abu na biyu ya riga wannan da wata biyu: ranar 29 ga Janairu ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata, kuma kotun da ta saurari Hadijatu ta ƙungiyar ce.